Gona, ruwa da galamsey (haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba): abin da aka tattauna a Aboabo

Manoman koko 'yan zango da suka zauna a Aboabo, Kumasi, sun fi daɗewa a kan maganar takardar yarjejeniyar gona. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar Ghana na hannun sarakuna da dangogi ne, da yawa daga cikinmu kuwa abunu ko abusa muke yi (noman gonar wani a raba amfani biyu ko uku), yarjejeniyar baka kawai. Dattawa suka ce a rubuta ta, da shaidu da iyakokin gona, a kai ofishin filaye na sarauta. Ranar da aka miƙa wa masu haƙar zinari fili, wanda bai da takarda shi ke fara kuka. Zinarin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, amma dokar ma'adinai ta 2006 ta ce a biya diyyar amfanin gona. A ƙirga bishiyoyi, a ɗauki hoto tun kafin injin ya iso.

Da aka zo kan lafiya, iyaye mata suka karɓe magana, kuma gaskiyarsu ce. Kogin Offin da na Pra sun koma kamar kunu. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire zaibar da masu haƙa ke tace zinari da ita, ita kuwa tana lahanta ƙoda da ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Mai juna biyu ta guji kifin wuraren haƙa, kada kuma a ƙona zaiba cikin gida. Ramukan da aka bari sauro ke haihuwa a ciki, yara na faɗawa. A haɗu a matsa wa sarki da majalisar gunduma su sa a cike su.