Yarona ɗan wata 9 ya ƙi kunu, da dare kuma ba barci: ku ba ni shawara

Mai tambaya

Assalamu alaikum iyaye da yayyen wannan zaure. Don Allah ku taimaka min, abin ya fara fin ƙarfina. Ɗana na fari ne, saura mako ɗaya ya cika wata 9. Tun yana wata 6 na fara ba shi koko, da farko yana sha, yanzu da ya hango cokali sai ya kawar da kai ya datse baki. Don ya wuce da sauri nakan dama shi ruwa-ruwa in zuba a fida. Da dare yana tashi sau biyar ko shida, ba ya komawa sai da nono a baki, ina zarewa ya farka. Awon ƙarshe kilo 8 ne, wata biyu da suka wuce 7.8. Hancinsa kuma a toshe tun shigowar hunturu. Surukata ta ce a yi masa ɗure, maƙwabciya ta ce haƙori ne in sayo maganinsa, wata ta ce in ba shi maganin mura da dare zai yi barci. Maigidan ya fara maganar yaye. Ni kam na rasa ta inda zan kama.

Ma'aikaciyar jinya, sashen yara

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ɗawainiya. Shawarwari ukun nan kada ki ɗauki ko ɗaya.

Idan aka toshe wa yaro hanci aka zuba masa kunu yana kuka, dole ta baki zai ja numfashi, sai kunun ya bi iska ya faɗa huhu. Wani nan take yake shaƙewa, wani bayan kwana biyu zazzaɓi da sarƙewar numfashi su biyo baya. Wanda ya tsira kuma ya koyi tsoron abinci. Ki lallaɓa Hajiya ku tafi tare ranar awo, daga bakin ma'aikata za ta fi saurin karɓa, ke kuma ba ki yi musu da surukarki ba.

Maganin mura ba na sa barci ba ne. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara biyu, yana iya danne masa numfashi, wasu yaran ma birkita su yake yi su kwana suna ihu. Haƙori kuwa dalalar miyau yake kawowa da ƙaiƙayin dasashi da rigimar kwana biyu zuwa uku. Ba ya kawo zazzaɓi mai zafi, ba ya kawo gudawa. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya, saboda gubar da ke cikinsa ta lalata musu ƙoda. Ki wanke hannu ki murza masa dasashi da yatsa, ko ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ya tattauna, ya wadatar.

Abin da ya tsaya min a rai nauyin ne. A wannan lokaci yaro kan ƙara wajen giram 300 a wata, naki ya ƙara 200 a wata biyu. Kilo 8 ba tamowa ba ce, amma layinsa a kati ya fara kwanciya. Mako mai zuwa za ki kai shi riga-kafin wata 9, na ƙyanda da shawara da sanƙarau. Ki nemi a auna masa damtse da tef, santimita 12.5 zuwa sama shi ne launin kore a tef ɗin, wato lafiya lau. A leƙa bakinsa ko akwai gyambo ko farin ƙuraje, a duba kunne, don ciwon kunne yana tashin yaro da dare, a kuma duba jininsa.

Jami'ar abinci mai gina jiki

'Yar'uwa, matsalar tana cikin fidar nan. Cikin ɗan wata 9 bai wuce kofin shayi ɗaya ba. Duk kokon da zai iya fita ta ramin fida yawancinsa ruwa ne, ga shi kuma gasarar an tace ta, kusan sitaci kaɗai ya rage. Ya cika ciki bai ƙosar ba, jim kaɗan ya fitsare shi, yunwa ta dawo, da dare ya rama a nono. Wanda ya sha nono sau shida cikin dare kuma gari na wayewa ba ya marmarin komai. Haka abin yake ta zagayawa, shi ya sa gyaran barcin daga kwanon rana zai fara.

Gwajin kauri: ki ɗebi kunun a cokali ki karkata. In ya tsiyaye kamar ruwa bai yi ba, sai wanda yake zamewa a hankali yana barin kufa a jikin cokali. Daga wata 9 zuwa 11 ma'aunin shi ne rabin kofi mai milita 250, sau uku zuwa huɗu a rana, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu. Ba yau zai kai haka ba. Ki fara da babban cokali uku, ki riƙa ƙarawa.

Kowane kwano kada ya zama hatsi zalla. Ki sa ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja, sannan abu ɗaya mai gina jiki: dafaffen ƙwai da ya nuna sosai a murƙushe, ko garin busasshen kifi da aka cire ƙaya aka tankaɗe, ko wake da aka surfe ya dahu luguf, ko 'yar hanta a daka, sau ɗaya ko biyu a mako. Ina jaddada ƙwai da hanta da kifi ne saboda sinadarin ƙarfen da aka haifi yaro da shi yana ja baya daga wata 6, ƙarancin jini kuma shi kansa yana kashe sha'awar abinci. Ki haɗa da kabewa, karas, alayyahu ko garin zogale kaɗan, da gwanda ko ayaba.

Kada ki ɗaure shi a kunu kaɗai. Yara da yawa da suka ƙi koko suna karɓar tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ko kuka, ko faten dankali, ko faten wake. Ki ɗebi nasa kafin ki sa yaji da gishiri da dunƙule. Ban da zuma sai ya shekara, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Ban da shayi, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Ban da lemon kwalba.

Hajiya mai sana'ar garin kunu

'Yata, ga haɗin garin da ake kira Tom Brown. Gwangwani 6 na hatsi, ko gero zalla ko gero da dawa da masara biyu-biyu, waken suya gwangwani 3, gyaɗa gwangwani 1. Hatsin ki tsince ki wanke ki shanya ya bushe ƙarau. Waken suya ki jiƙa shi ya kwana, ki murje ɓawon ya fita, ki shanya, sannan ki soya a wuta kaɗan-kaɗan har ya yi ja ƙarnin ya tafi. Nan ne mata suke kuskure: in bai soyu ba yana kumbura cikin yaro ya sa shi gudawa, sai a ce garin ne bai karɓe shi ba. Gyaɗa ki zauna ki tsince ta ɗaya-ɗaya, duk wadda ta yamutse ko ta yi baƙi ko fumfuna ki zubar, gubarta hanta take taɓawa, suya kuma ba ta kashe ta. Kowanne daban ake soya shi, don ba tare suke nuna ba.

A wurin inji ki sa a fara zuba ɗan hatsi ya wanke barkonon da aka niƙa kafin naki. In an niƙo ki tankaɗe ki baza ya huce kafin ki rufe, in ba haka ba ya yi gumi ya lalace. Ki yi na mako biyu zuwa uku kawai, man gyaɗar yana sa shi maƙaƙi in ya daɗe.

Wannan ba koko ba ne da za a sheƙa masa tafasasshen ruwa a sauke. Ki dama babban cokali uku da ɗan ruwan sanyi, ki zuba a kofi ɗaya na ruwan da ke tafasa, ki yi ta juyawa a kan wuta minti biyar zuwa goma. Abin da ya wuce awa biyu a ajiye kada ki ba shi. Ranar farko ki ba shi kaɗan ki lura. In kin ga borin jini ko leɓe ya kumbura ki dakata ki kai shi asibiti.

Mai tambaya

Allah ya saka da alheri, ya raya muku zuri'a. Amma mai ruwan ma da ƙyar yake sha, ina ga mai kauri? Nonon daren kuma in hana shi ne gaba ɗaya?

Jami'ar abinci mai gina jiki

Kaurin a hankali za ki ƙara, cikin mako guda. Ki ba shi abinci bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu da shan nono, kafin barci ya kama shi. Ki zaunar da shi tsaye a cinyarki ko a tabarma, da kwanonsa na kansa don ki san abin da ya ci. Ki ba shi cokali ɗaya ya riƙe, ke ki riƙe ɗaya, ki kai kusa da leɓensa ki jira ya buɗe da kansa. Ki bar shi ya tsoma hannu ya damalmale, ta nan yake sanin abinci. Ki ci a gabansa. In ya kawar da kai sau biyu ko uku, ko an yi minti ashirin, ki ɗauke kwano ba faɗa, sai lokaci na gaba. Sabon abu sai an kawo wa yaro kusan sau goma kafin a ce ya ƙi shi.

Ki gwada abin da zai ɗauka da hannu: dafaffen dankali ko kabewa a yanka tsawon yatsa, mai laushin da zai murƙushe tsakanin yatsu biyu. Zai yi kakari jefi-jefi, koyo ne, matuƙar yana tari yana fitar da sauti. Gyaɗa ɗaya-ɗaya, aya, gugguru da dabino kada su kusanci bakinsa, kuma kada ki bar shi yana ci shi kaɗai. Fida ki ajiye ta, ruwa a ƙaramin kofi.

Malamar lafiyar iyali

A'a ƙanwata, kada ki hana gaba ɗaya, musamman da nauyinsa yake jan ƙafa. Ki bari cin rana ya fara kankama, mako ɗaya zuwa biyu, sannan ki taɓa na dare.

Kowane yaro yana ɗan farkawa sau da yawa cikin dare. Abin da ya yi barci da shi, shi yake nema in ya farka, naki kuma da nono a baki ya saba. Ga shi a watannin nan ya fara gane kina iya tashi ki bar shi, yana kuma koyon rarrafe da miƙewa. Ɗan wata 4 zuwa 11 yana bukatar barcin awa 12 zuwa 16 har da na rana. Ki tsara masa biyu da rana, ɗaya da hantsi, ɗaya bayan Azahar, ko a goye ba laifi. Bayan La'asar kada ya yi dogon barci. Kada kuma ki hana shi na rana wai don ya gaji, yaron da gajiya ta yi wa yawa ya fi tashi da dare.

Yamma ta zama iri ɗaya kullum: abinci kafin Magariba, a goge masa jiki da ruwan ɗumi, a shafa man kaɗanya, nono, addu'a, zuwa Isha yana kwance. Wurin nonon ne aikin yake. In kin ji zuƙar ta koma 'yar motsin leɓe ba haɗiya, ki sa ƙaramin yatsanki a gefen bakinsa ki zare, ki ɗora hannu a ƙirjinsa kina jijjiga shi a hankali. Zai yi ƙorafi. In kukan ya yi ƙarfi ki mayar, bayan minti ɗaya ki sake zarewa, ko sau biyar ne a dare ɗaya. So ake ƙarshen barcin ya same shi ba komai a baki.

In lokacin rage na dare ya yi, ki bar biyu: ɗaya wajen sha biyu, ɗaya kafin Asuba. Sauran tashin ki jira minti ɗaya ko biyu, sau da yawa mutsu-mutsu ne ya koma. In bai koma ba babansa ya ɗauke shi ya lallashe shi, don a jikinki ƙanshin nono yake ji. Ba kunna fitila mai haske, ba hasken waya, ba wasa. Dare ukun farko sun fi wuya, kada ki sauya tsari a tsakiya.

Ma'aikaciyar jinya, sashen yara

Na manta hancin. Yaron da hancinsa ya toshe ba ya iya ci, ba ya iya barci. Ki sayi ɗigon ruwan gishiri na jarirai a kemis, ɗigo ɗaya ko biyu kowane hanci kafin abinci da kafin kwanciya. Man zafi da kafur kada su taɓa hancinsa. Turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi a fitar da su daga ɗakin da yake kwana, gidan sauro ya isa. Kaskon gawayi kuwa ko kusa kada ya kwana a rufaffen ɗaki, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci.

Ki kwantar da shi rigingine, ba filo, ba bargo mai nauyi kusa da fuska. Riga ɗaya a kan irin wadda kika sa ta ishe shi. Ki taɓa ƙeyarsa, in da gumi kin yi masa yawa. In yana numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya alhali ba kuka yake ba, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, ko taune-taune, asibiti a take ko da tsakar dare. In zazzaɓi ne a yi gwajin maleriya a ranar.

Jami'in lafiya a matakin farko

Ƙanwata, ki nuna wa maigida wannan. Ɗan'uwa, daga wata 6 zuwa 12 nono yana ba yaro rabin ƙarfin da jikinsa ke bukata ko fiye, daga shekara ɗaya zuwa biyu kusan kashi ɗaya cikin uku. Hukumar Lafiya ta Duniya shekara biyu ta ce, aya ta 233 a Suratul Baƙara ma shekara biyu cikakku ta ambata. Yaron da bai kama abinci ba in aka cire masa nono, abin da ke riƙe da shi aka cire, daga nan tamowa take shigowa. Taimakonka biyu ne: ƙwai da kifi da 'yar hanta su shiga cefane, kuma ka karɓi lallashin dare na mako biyu, ita ta samu ta runtsa. Bayan mako huɗu ku mayar da shi awo a ma'auni ɗaya da na baya. In bai ƙara komai ba, ko awon damtsen ya faɗa launin ruwan ɗorawa a tef, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ku nemi a tura ku wurin likitan yara a ranar.