Wa ya taɓa tsaron baya a gasar robot? Ku zo mu ji yadda kuka ƙare

Direban Bronx: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗalibi ne a wata sakandare a New York, ni nake tuƙa robot ɗin ƙungiyarmu a gasar robot ta FIRST, rukunin 'yan sakandare. A kakar 2025, wasan Reefscape, sarƙar hannun da ke ɗaga mana fararen bututun da ake cin maki da su ta tsinke tun ranar farko, gyara ya ƙi. Sai abokan ƙawancenmu, wato ƙungiyoyin da aka haɗa mu ɓangare ɗaya a wasan, suka ce in tsallaka ɓangaren abokan hamayya in riƙa tare musu hanya. Na yi, amma raina a ɓace, don wata biyu muka yi muna kwana kan wannan hannu, ga shi an mai da mu masu gadi. Daga ƙarshe ma na jawo mana asarar maki. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya ba mu labari, don Allah, har da inda ya yi kuskure.

Tsohon Ɗalibi, Michigan: Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ya same ka shi ya same ni a 2019, shekarar Destination: Deep Space, sai dai ni ba karyewa aka yi ba, mu ne dai ba mu iya ba. Robot ɗinmu sai ya ci kusan rabin minti kafin ya manna faifai ɗaya a jikin rokar da aka kafa a filin wasan, alhali manyan ƙungiyoyi suna yi cikin sakan goma sha wani abu. A shekarar duka wasan minti 2 da rabi ne, kuma sakan 15 na farko labule ne a gaban direbobi. Mai horar da mu ya zaunar da mu da takarda da biro ya ce mu yi lissafi: in muka zura, faifai uku ko huɗu za mu iya, in muka tsaya wa gwanin abokan hamayya a hanya muka ninka masa lokacin kowane zuwa da dawowa, me muka rage musu? Da muka ga amsar, kowa ya yi shiru.

Abin da na koya da wahala shi ne ba karo ake nema ba. Wasannina biyu na farko bin gwanin nasu na riƙa yi a baya kamar mai korar akuya, shi kuwa ya kauce ya wuce. Sai wata yarinya mai rubuta mana bayanan ƙungiyoyi ta nuna min cewa kullum ta rariya ɗaya yake bi, tsakanin roka da jirgin kayan da ke tsakiyar fili. Na daina binsa, na je na tsaya can na juya masa gefena mai tsawo. Dole ya zagaya ko ya tura ni, ko wanne ya zaɓa agogo na ci. A shekarar doka ta ce robot ɗaya kawai zai tsallaka ɓangaren abokan hamayya, kuma in ka tsallaka ba ka miƙa komai waje da jikinka, don haka muka ɗaure hannun gaba ɗaya. Ba mu kai cikin takwas na sama ba, amma da aka zo zaɓen abokan ƙawance, wata ƙungiya mai ƙarfi ta kira lambarmu a zagaye na biyu. Sun ce sun gwammace mu kasance tare da su da a ce mu ne a gabansu.

Malamar Fiziks: Yarona, wane laifi aka rubuta maka? In na canka, matsewa ce. Na yi aikin sa-kai a gefen fili shekaru da yawa, kuma abin da ya fi kayar da sababbin masu tsaro ke nan. Da can in ka maƙure robot a bango, alƙalin wasa sai ya ƙirga biyar. A 2025 aka mai da shi uku. Yaran da suka saba da biyar a jikinsu sun sha wuya sosai. Kuma ja da baya kaɗan ka dawo ba ya goge ƙirgar, sai ka ba shi tazarar kusan mita biyu. Ni abin da nake gaya wa ɗalibaina: direba ya kalli robot, wanda ke tsaye a bayansa ya kalli hannun alƙali yana ƙirgawa da ƙarfi a kunnensa. Da ya ce biyu, a saki.

Direban Bronx: Wallahi Malama kin canka. Ni idona na kan robot, ban ma san ana ƙirgawa ba sai da na ga maki sun hau a allonsu.

Ɗan Istanbul: Ni ta ɓangaren wuta zan yi magana, don nan muka ci ƙasa. Ina karatun injiniya a nan Turkiyya, ina taimaka wa wata ƙungiyar 'yan sakandare. A 2024, wasan Crescendo na zoben soso ruwan lemo, muka shiga turereniya da wani robot mai nauyi. Tayoyinmu masu kama ƙasa ne sosai, sun ƙi zamewa, injinan suka tsaya cak suna zuƙar wuta. Batirin bolt 12 ne, kuma idan ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da bolt 7 kaɗan, kwamfutar robot ɗin da kanta take yanke wa injina wuta don ta tsira. Haka muka tsaya a tsakiyar fili muna rawar sanyi, su kuwa suka zagaye mu. Daren nan muka sa wa kowane inji iyakar wutar da zai ja, muka kuma ware batir mafi lafiya don wasannin tsaro. Wani abu kuma: ƙungiyoyin da ke da tayoyin nan da kowacce ke juya kanta, masu tafiya gefe kamar ƙaguwa, kada ka ce za ka yi tsere da su da tuƙi irin na tankar yaƙi. Jira su inda dole su rage gudu su daidaita kafin su harba zobe. Taɓawa ɗaya a kusurwar bamba ta isa ta karkatar da su.

Mai Harbi: Ku yi haƙuri, ni a ɗaya ɓangaren nake, kuma har yau abin yana min ciwo. An taɓa hawa kan bambarmu aka shigo cikin jikin robot aka fizge mana wayoyi. An ba su kati, amma katin bai gyara mana komai ba, kakarmu ta ƙare a nan. Yaran da suka yi ta tara kuɗin kaya da sayar da alewa suna ta kuka. Ba na ƙin tsaro, wanda ya tare ni da dabara ina zuwa har rumfarsu in gaishe shi. Amma duk wanda zai yi, ya duba tsayin bambarsa, ya tabbatar katakon da soson a ɗaure suke, ba suna lilo ba.

Malamar Fiziks: Gaskiyarki 'yata, kuma Allah ya huci zuciyarki. Marigayi Woodie Flowers, malamin jami'ar MIT da ya yi aikin gina wannan gasa tare da Dean Kamen, abin da ya dage a kai ke nan tun farkonta a 1992: a fafata da gaske, amma ba a wulaƙanta abokin karawa. Na ga ƙungiyar da ta lanƙwasa wa wata ƙarfe ba da gangan ba, wasa na ƙarewa suka kwashi kayan aikinsu suka tafi rumfar waɗancan, ba su tashi ba sai da robot ya koma fili.

Baban 'Yan Biyu: Nawa yaran VEX suke yi, wata gasar robot ce daban, biyu da biyu, a ƙaramin fili. Darasinmu ɗaya ne: in mai zura da mai tarewa suka sarƙe aka rasa mai laifi, dokarsu mai zurawa take ba gaskiya. Mun rasa wasa a kan haka, yarana suka ce an zalunce su, da muka dawo gida muka buɗe littafin doka muka tarar a rubuce yake.

Direban Bronx: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya na Michigan, maganar rariyar nan ta zauna min. Na nemi mai horar da mu ya ba ni tsohon robot ɗin bara da awa ɗaya duk Asabar, ni in tare, direbanmu na biyu ya yi ƙoƙarin wucewa, ƙanwata kuma ta yarda za ta tsaya a bayana tana ƙirga uku. Ɗan uwa na Istanbul, nawa kuka sa iyakar wutar injinan taya?