Sartse ya maƙale a ƙarƙashin farcen ƙanena

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena yana dako a kasuwar Mile 12 da ke Legas, wajen sauke kaya sartsen katako ya shige masa ƙarƙashin farcen babban yatsa. Mun gwada ciro shi da allura, sai ya karye, guntun ya ƙara nutsewa. Yanzu yatsan ya kumbura, yana zogi har dare, ga alamar ruwa ya fara taruwa.

Wani ya ce a jiƙa a ruwan ɗumi da gishiri, wani ya ce a kai wa wanzami a Agege, ni kuwa wuƙar wanzami a kan farce ba ta kwanta mini ba. Don Allah kemis zai iya cirewa, ko sai asibiti? Kuma katako ma yana buƙatar allurar sarƙewar haƙora, ko sai ƙusa mai tsatsa?