Kawuna ya rasu a Landan, ta ina ake fara neman izinin kai gawa gida?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Allah ya yi wa kawuna rasuwa daren jiya a wani asibiti a Landan, jinya ya zo daga Kano. Ni kaɗai ne nasa a nan sai matarsa da ta rako shi, ita kuma ko ruwa ta kasa sha balle a yi mata maganar takardu. Can gida sun dage sai an kawo shi, Hajiya mahaifiyarsa tana raye ta ce sai ta ga ɗanta. Asibiti sun ce ba za su saki gawa ba sai da takarda. Wace takarda, wurin wa zan je? Don Allah wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Umman Sadiq:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa da rahama, ya ba ku haƙuri. Ɗana ka nutsu, abin da tsari yake. Farko likita zai rubuta abin da ya yi ajalinsa, wani likitan daban ya duba, sannan ka je ofishin rajistar mutuwa na yankin da ya rasu, cikin kwana 5 ake so a yi. Ka sayi satifiket ɗin fiye da ɗaya don kowa sai ya ce a ba shi nasa. Amma fa satifiket bai isa ya fitar da gawa daga Ingila ba, izinin yana hannun jami'in da suke kira coroner mai binciken musabbabin mutuwa, ko da a gadon asibiti mutum ya cika sai an sanar da shi. Fom 104 ake cikewa a aika masa shi kuma ya maido da fom 103, doka ta ce a ba shi cikakkun kwana 4 amma in ba shi da abin bincika yana iya yarda a tafi kafin nan, sai ku roƙa ku ce musulmi ne ana gaggawa. Kar ka ce za ka yi da kanka wallahi za ka sha wuya, ka nemi kamfanin jana'iza da ya saba tura gawa waje, su za su haɗa takardar allurar hana ruɓewa da ta shaidar ba cuta mai yaɗuwa, su yi magana da ofishin jakadancin Najeriya. Fasfonsa ka riƙe shi da kyau.

Abu Hafsa:
Allah ya gafarta masa. Ni dai ɗan'uwa shawara zan bayar, ku sake zama da Hajiya. Kamfanonin jirgi galibi ba sa ɗaukar gawa sai an yi mata allurar nan, a sa ta a akwati mai kwano a ciki a liƙe ruf, a ɗora ta ɓangaren kaya ana auna ta da kilo. Ga maƙabartar musulmi nan Gardens of Peace a gabashin Landan, wanka da likkafani da sallah duk yadda muka sani. Shahidan Uhudu ma da aka fara ɗauko su zuwa Madina umarni aka yi a mayar da su inda suka faɗi. Ban ce haramun ba ne, an ɗauko Sa'ad bin Abi Waƙƙas daga Aƙiƙ zuwa Madina, amma dubban fam ɗin da za a kashe marayunsa sun fi buƙata.

Bakatsine:
Malam gaskiya ka faɗa amma uwa uwa ce, ba a waya za a shawo kanta ba. Abin da zan ƙara, kar 'yan gida su riƙa kawo maka misalin Buhari, wai ya rasu Lahadi 13 ga Yulin 2025 an binne shi a Daura ranar Talata. Wannan gwamnati ce da jirginta da mataimakin shugaban ƙasa a gaba, kai jirgin 'yan kasuwa za ka bi. Ka gaya musu gaskiya abin zai iya haura mako, kar su tara mutane su sa lokacin jana'iza alhali izini bai fito ba. Sannan can ma akwai nasu, jami'an lafiya na filin jirgi da ke ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta tarayya sai sun ga takardu sun amince, ga kwastan. A sa sunan mutum ɗaya tsayayye a takardar kaya wanda zai karɓa, ya je da katin shaida da motar ɗaukar gawa, don in Abuja aka sauke sai an biyo hanyar Kaduna da Zariya.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam na gaya wa babban wan kawuna maganarka ya ce zai shiga wurin Hajiya bayan la'asar. Kafin nan na kira kamfani ɗaya sun ce in kawo fasfo gobe da safe. Umma, fom 104 ɗin ni zan sa hannu ko dole sai matarsa?