Shok ɗin sirinji ko na saye? Muhawarar 'yan motar rimot a Katsina

Ɗan Sabon Layi: Slm jama'a. Ni dai yau sai na faɗi magana ko za a jefe ni, duk wanda ya cire kuɗi ya yi odar shok na alminiyom daga Chana don motar rimot wlh ɓarnar kuɗi ya yi. Tawa 1/12 ce, wato tsawonta kashi ɗaya cikin 12 na motar gaske, da na saye ta sifirin ne kawai a ƙafafun babu mai babu komi, in ta hau ɗan tudu sai ka ga tana tsalle kamar ɗan akuya har ta kife. Na samu sirinji 5ml guda 4 na yanke, na toshe bakin da gam, na yanko 'yar roba mai ƙarfi na yi fistin na huda mashi ƙofa 2 da allura mai zafi, sifok ɗin keke shi ne sandar, na ɗura baƙin mai na saka sifirin ɗin ta baya. Yanzu ku zo ku ga yadda take lafewa a ƙasa. Na rantse ya fi na saye.

Bakaniken Ƙofar Ƙaura: Kwana nawa da haɗawa?

Ɗan Sabon Layi: Yau kwana 5 Kawu

Bakaniken Ƙofar Ƙaura: To ka dawo mu yi magana in ya yi wata. Amarya ko ta buzuzu ce ana ɗokinta.

Mai Walda: Hhhh Kawu ka bari yaro shi ji daɗin abinshi mana. Ni ina bayanka ɗan'uwa, mu da muka tashi da motar kara da ta langa-langa wa zai ce mana sai na kwali. A da fa falle 3 na langa-langa muke jerawa mu yi sifirin irin na tifa, mu yanko silifas mu yi taya, kuma ta ɗauki yashi ta kai.

Bakaniken Ƙofar Ƙaura: Wadda kake ja da zare kana tafiya a ƙasa ita kake haɗawa da wadda ke gudu ta yi sama ta diro? Langa-langa in ya lanƙwashe sau 2 shi ke nan ya zauna, ba ya komowa. Ni ba ƙin haɗin gida nike ba, shekara nawa ina ƙera abin da babu a kasuwa. Abin da nike ce mashi shi ne shok ba fistin ba ne kaɗai, wurin da sandar ke shiga tana fita nan ne aikin yake. Da mi ka toshe nan ɗin?

Ɗan Sabon Layi: Baƙar robar nan ta cikin sirinjin na huda tsakiyarta sandar ta bi ta ciki

Bakaniken Ƙofar Ƙaura: Na san za a rina. Wagga roba ba don baƙin mai aka yi ta ba, za ta sha ta kumbura, farko ta riƙe sandar gam ka ga motar ta ƙi komowa sama, daga baya ta yi laushi ta fara yoyo. Kuma yoyo a garin nan ka san ma'anarshi, ƙura ta manne a jikin sandar, duk shiga ɗaya ta ja yashi ciki, ya zama kamar kana goga sanfefa. Ga sifok ɗinka milimita 2 ne, na saye masu girman nan sandarsu wajen 3 take kuma an goge ta sumul. Ranar da ta diro a karkace za ka ga sifok ya yi baka.

Malamin Kimiyya Daura: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki. Ɗan Sabon Layi ya yi gaskiya a abu ɗaya babba, ciwon motocin nan masu araha ba sifirin ba ne, rashin abin da zai shanye tsallen ne. Sifirin ajiya yake yi, duk ƙarfin da ka danna mashi sai ya maido maka. Man da ake tilasta ma bi ta 'yar ƙofar fistin shi ne ke cinye ƙarfin ya mai da shi zafi. Shi ya sa ko shok ɗin sirinji mai yoyo zai fi sifirin tsirara. Amma cewa ya fi na saye, a nan muka rabu, kuma kan mai muka rabu.

Ɗan Sabon Layi: Malam mai ai mai ne

Malamin Kimiyya Daura: A'a. Wanda ake zuba ma shok ɗin motar rimot man silikon ne, za ka ga an rubuta 30wt ko 350 a jikin kwalbar, wannan 350 ɗin ma'aunin kauri ne da ake ce ma cSt, ruwan sha 1 yake a ma'aunin. Baƙin mai 20W-50 da ka ɗura wajen 160 yake a zafin digiri 40. Matsalar ita ce ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da asubar Janairu lokacin hunturu kaurinshi zai ninka sau 3 ko fiye, ka ga motar ta sandare kamar an ɗaure ta, a watan Afrilu da azahar kuma ya tsinke ta koma tsalle. Silikon shi ma yana canzawa amma kaɗan ne in ka gwada shi da wancan. Wato kai mota 2 gare ka, ta sanyi daban ta bazara daban.

Mai Walda: To ai riba ce, mota 2 a kuɗin ɗaya

Ɗalibin Poli: Ni man keken ɗinkin Hajiyarmu na gwada, kamar ruwa na zuba babu wani bambanci, ƙarshe dai faɗa na sha. Wani kuma ya ce mani man birki

Bakaniken Ƙofar Ƙaura: Kul. Man birki yana cin fenti yana lalata roba in ba tashi ba ce, ga shi da jan ruwa daga iska. Kar ka kusantar da shi. Wanda ya ce maka haka ba masoyin motarka ba ne.

Mai Walda: Man gyaɗa fa? Tambaya ce dai kar a zage ni

Bakaniken Ƙofar Ƙaura: Ka soya ƙosai da shi. Wata biyu zai yi danƙo ya fara wari.

Anti Nas: Ku yi haƙuri in katse ku, ni ɗana ne mai motar ni dai mai biyan kuɗin batir ce. Don Allah duk mai son yin wannan abu ya je kemis ya sayi sabon sirinji a ledarshi, allurar kuma a bar ta can ko a sa a kwalba a rufe. Kar in ji yaro ya je bayan asibiti ko bola yana tsinto wanda aka yi aiki da shi, ciwon hanta ta haka ake ɗauka. Sirinji bai kai kuɗin katin waya ba.

Ɗan Sabon Layi: Sababbi ne Anti wlh, a leda na saye

Anti Nas: Madalla. Kuma ku sani santsin da kuke ji a cikin sabon sirinji ɗan man silikon ne aka shafa daga kamfani, to kun ga robar da shi ta saba.

Ɗalibin Poli: Tunda Malam yana nan bari in kawo tawa rigimar. Sifirin ɗin baya ya yi mani tauri sai na datse zagaye 2 don shi yi laushi, amma ni gani nike kamar ma ya ƙara tauri, ko idona ne

Mai Walda: Idonka ne. Ka rage ƙarfe ta yaya zai ƙara ƙarfi, ko a walda in ka rage rodi rauni yake yi

Malamin Kimiyya Daura: Ba idonshi ba ne Oga. Sifirin waya ce doguwa da aka naɗe, in ka danna shi murɗa wayar kake. Ɗauki rodi mai tsawo ka lanƙwasa, ka ɗauki guntu ka gwada, wanne ya fi ba ka wuya? To haka ne. In zagaye 10 ke aiki ka mai da su 8 taurin ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari, motar ta sauko ƙasa kuma ta yi tauri, ka yi asara biyu. Mai son laushi siririyar waya zai nema ko zagaye masu yawa. Kaurin wayar ma shi ya fi komi tasiri, daga milimita 1 ka koma 1.2 taurin ya ninka sau 2 har da ɗan ɗori. Wani Bature ɗan Ingila Robert Hooke tun 1678 ya wallafa ƙa'idar sifirin, har yau ita muke koyarwa a aji.

Mai Walda: Ni Hooke bai taɓa zuwa shagona ba. Sai na gwada da hannuna.

Malamin Kimiyya Daura: Sifirin biro 2 iri ɗaya, datse ɗaya rabi, danna su a kan sikelin masu zinari ko na kicin, kowanne ka danna shi daidai tsawo ɗaya ka duba lamba.

Ɗalibin Poli: To washa fa? Na ga ana cusa washa a saman sifirin wai don shi yi ƙarfi

Malamin Kimiyya Daura: Washa ɗaga motar take yi, taurin yana nan yadda yake. Mutane da yawa nan suke ruɗewa. Abin da za ka duba shi ne in ka aje motar da batir a ciki ta ɗan zauna kamar kashi ɗaya cikin uku na tafiyar shok ɗin, don taya ta samu inda za ta sauka in ta tarar da rami. In ka cika washa har ta miƙe tsaye ƙyam to a kwana za ta kife.

Ɗan Sabon Layi: Duk na ji amma ku dubi ɓangarena. Ku masu cewa a saya, a ina? Ka zagaye babbar kasuwa kaf ba za ka samu shok ɗin motar rimot ba balle man silikon, sai oda, ka biya da dala ka jira sati nawa, ya zo ka tarar tsawon bai yi daidai da motarka ba. Ni haka ta faru da ni bara, guda 4 suka zo sun fi ƙarfin motar kuma babu ko ɗigon mai a ciki, da na ɗura masu ɗaya ma yana yoyo tun ranar farko. Ba motocin kamfanin Traxxas na Amurka ko Tamiya na Japan muke da su ba da za ka duba lambar kaya ka yi oda ya zo cif. Namu ko suna babu a jikin kwalin. Nawa in ya lalace yau gobe na haɗa wani.

Bakaniken Ƙofar Ƙaura: Yanzu ka yi magana. Da cewa ka yi da babu gara ba daɗi da ban ce uffan ba. Kai cewa ka yi ya FI. Kuma tunda ka nace, ka yi shi da kyau. Je wurin masu kayan babur ko masu gyaran janareta ka nemi 'yan ƙananan zoben roba baƙaƙe irin na kafireto, su an yi su don fetur da mai, ka jera 2. Sandar ka nemi sifok na babur ka goge shi da sanfefa mai laushi har shi yi ƙyalli. Sannan kar ka cika mai taf.

Ɗan Sabon Layi: Ai ni cikawa na yi har baki don kar iska ta shiga

Bakaniken Ƙofar Ƙaura: Danna shi har ƙarshe ka gani yana kaiwa?

Ɗan Sabon Layi: Na baya ɗaya yana tsayawa a hanya gaskiya, na ɗauka gam ne ya zubo ciki

Bakaniken Ƙofar Ƙaura: Ba gam ba ne. Sandar da ke shiga tana neman wurin zama, mai kuma ba ya matsuwa, in babu 'yar iska ko 'yar robar da za ta ba da wuri sai ya ƙulle, in ka matsa ya fasa ta wurin da ya fi rauni. Na saye shi ya sa za ka ga wata 'yar roba kamar hula a ƙarƙashin murfin. Ka ɗura mai, ka motsa fistin a hankali kumfa ya taso, ka bar shi minti 10 a tsaye, sannan ka tura sandar ciki kafin ka rufe, rarar man ta fita da kanta.

Mai Walda: Wato dai Kawu da ya zo rushe gini shi ne ya koma birkila

Bakaniken Ƙofar Ƙaura: Ina nan kan bakana, ba zai kai wata ba. So nike in ya mutu shi mutu da mutunci.

Ɗalibin Poli: Mu masu 1/16 mai hawan dutse a hankali fa ba mu buƙatar duk wannan, giris mai kauri na cusa a cikin bututun shok ɗin da ta zo da shi tsallen ya ragu sosai. Na baya kuma siririn ƙarfen nan na cikin tsohuwar waifar mota na yanka falle 3 na jera, shi yana komowa ba kamar langa-langa ba. Hudawar ce dai wahala, na karya bakin dirili 2.

Mai Walda: Kawo shi shago, ɗan zafa wurin ƙofar ake yi kaɗai ba duka ba, in ka gasa shi gaba ɗaya ya tashi daga sifirin

Malamin Kimiyya Daura: Ga shawara tunda gani ya kori ji. A samu mota 2 masu kusan nauyi ɗaya, a ɗaga kowace santimita 30 a sake ta a kan siminti. Wadda ta lafe ba ta taɓa ƙasa da ciki ba kuma ba ta sake tashi ba ita ce ta ci. A yi da safe a sake yi da rana, a kuma maimaita bayan sati 4 ba tare da an taɓa komi ba.

Ɗan Sabon Layi: Na yarda amma a bar ni in canza robar da Kawu ya ce tukuna

Bakaniken Ƙofar Ƙaura: A'a ranka shi daɗe, wanda ka yi rantsuwa a kanshi shi za ka kawo. Sabon ka haɗa shi daban mu gwada shi shi ma.

Anti Nas: Ta ɗana na saye ne a jikinta, zan turo shi da ita amma a dawo mani da ita da taya 4.

Mai Walda: Asabar ƙarfe 8 a ƙofar shagona akwai siminti. Malam kai da ke Daura za ka samu zuwa?

Malamin Kimiyya Daura: In na samu mota da wuri in sha Allah. Wani ya tanadi tef na awo, ni zan zo da biro 2 saboda Oga.