Me ke sa wani hoto ya yi rai, wani ya fito lami?

Ɗan Yamai: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Akwai hoton raƙumin dawa ko na dattijo da rawani da za ka gani ka kasa ɗauke ido. Wani kuma a wuri ɗaya aka ɗauke shi, amma sama fari fat, fuska baƙi ƙirin. Kamara ce ko hannu? Masana ku taimaka.

Mai-hoto na Tawa: Wa alaikumus salam. Haske ne, ɗan'uwa. Kamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta. In ta ga farar babbar riga cikin rana sai ta rage haske, fuskar mai rigar ta nutse. In ka ƙara haske don fuska, aikin zaren wuyan rigar ya ɓace. Maganinsa inuwa. Zaunar da dattijon a bakin zaure yana fuskantar waje, duhun ciki a bayansa, ka ƙara hasken kamara mataki ɗaya, ka saita a kan idon da ya fi kusa da kai. A riƙe farin zane ƙasa da haɓarsa, zai mayar da haske ƙarƙashin rawani, ka ga ɗan ƙyalli cikin ƙwayar ido. Ran hoton ke nan.

Dubi aikin Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Mali, da ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948. Da hasken rana a tsakar gida da atamfa a baya ya yi yawancinsa, kuma har yau mutanen cikin hotunan suna da kwarjini. Malick Sidibé kuwa, shi ma mai ɗaukar hoto ɗan Mali, a 2007 aka ba shi lambar yabo ta zakin zinare a bajekolin fasaha na birnin Venise a Italiya. Kuma ka nemi izini kafin ka ɗaga kamara, fuskar da ba ta yarda ba tana nunawa.

Hajiya Mai-kamara: Malam ya gama batun mutane, ni in taɓa na dawa. Raƙuman dawan Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai, su ne suka rage na irinsu a Afirka ta Yamma. A 1996 kimanin 50 ne kawai, yanzu sun haura 600. Fatarsu ta fi ta sauran raƙuman dawa haske, shi ya sa tsakar rana ke wanke zanen jikinsu. Ka kasance a wurin da fitowar rana, ko bayan la'asar, rana a bayanka ko a gefe.

Gilashi mai jawo nesa, milimita 200 zuwa 300, buɗin idon gilashi f/5.6 ko f/8, saurin ɗauka 1/1000 na daƙiƙa, ISO (ƙarfin karɓar haske) 400. In saurin bai kai 1/500 ba, rawar hannu za ta sa hoton ya yi dishi-dishi. Durƙusa, tsawon wuyan ya fito, kuma ka jira har kan ya rabu da rassan gawo, in ba haka ba ƙahonnin su ɓace cikin reshe. Kada ka bi su a guje, ƙeya kawai za ka samu. Tafi da ɗan jagora, ka bincika halin tsaron hanya kafin ka tashi.

Ɗan Kasuwar Katako: Hajiya, a ƙara da ƙurar hunturu. Kada a sauya gilashi a fili, ƙura na shiga ciki ta bar ɗigo-ɗigo a saman kowane hoto. A hure da ƴar robar iska kafin a goge, don yashi na kankare gilashi. Amma hazon kansa kada a guje shi: raƙumin dawa biyu a nesa cikin hazon Janairu, rana ja tana faɗuwa, yana da kyau ƙwarai.