Shawarwarin da aka tattaro kan karatun Suratul Fathi

A tattaunawar da aka yi kan Suratul Fathi, shawarar da ta fi yawa ita ce mai karatu ya fara sanin labarin sulhun Hudaibiyya, wani wuri kusa da Makka. Surar mai ayoyi 29 ta sauka a shekara ta 6 bayan Hijira, lokacin da Manzon Allah (SAW) da sahabbai kusan 1,400 ke komawa Madina ba tare da sun yi Umra ba. An ƙulla sulhun shekara 10 da Ƙuraishawa bisa sharuɗɗan da suka yi wa sahabbai nauyi, har Sayyidina Umar ya yi magana. Amma wannan sulhu Allah ya kira buɗi mabayyani. Don haka aka ce kada a yi gaggawar kiran sassauci faɗuwa, domin a shekara ta 8 Musulmi 10,000 suka shiga Makka.

Wasu sun ja hankali ga mubaya'ar da aka yi a gindin bishiya bayan jita-jitar kisan Sayyidina Usman, inda surar ta nuna cewa wanda ya warware alkawari, kansa ya cuta. A ganina nan ya kamata a fi daɗewa ana nazari.

Masu hadda kuma an shawarce su da su ware wa ayar ƙarshe zama na musamman saboda tsawonta.